Na gaji tsohuwar bindigar farauta daga kakana, ta yaya zan gane asalinta da darajarta?

Tambaya: Kakana ya rasu ya bar wata tsohuwar bindigar farauta mai baki biyu, kuma ita ce ta faɗo a rabona. Tana da kunama biyu a waje, waɗanda ake ja baya da babban yatsa. A kan ƙarfen da ke kwance tsakanin bututun biyu an rubuta "W. Richards" da "London Fine Twist", jikin bututun kuma yana da wani irin zane a murɗe. Wani ya ce mini ƙirar Ingila ce kuma kuɗinta ba kaɗan ba ne, wani kuma ya ce tarkace ce. Ta yaya zan san gaskiya? Kuma zan iya goge tsatsar in gwada harba ta?

Amsa: Allah ya jiƙan kakanka da rahama. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mai gaggawa. Kada ka goge ta, kada kuma ka harba ta. Abin da kawai za ka yi mata yau shi ne ka tabbatar babu komai a cikinta. Ka juya bakinta inda ba kowa, ka ture hannun buɗewa, ta karye, ka leƙa bututun biyu har ka ga haske ya ratsa. Idan ta ƙi buɗuwa kada ka sa mata ƙarfi, ka bar wa mai gyaran bindiga. Wanda kuwa tasa irin wadda ake ɗura wa ta baki ce, wadda ba ta karyewa, sai ya zura sanda a ciki har ta tsaya, ya yi alama daidai bakin, ya zaro ta ya auna a jikin bututun daga waje. In sandar ba ta kai gindi ba, akwai ɗuri a ciki. Mutanen wancan zamani sukan ajiye irin waɗannan bindigogi a ɗure, kuma baƙin albarushi muddin bai sha ruwa ba yana iya tashi ko bayan shekara 100.

Ita kuwa gogewa, nan ne magada suka fi tafka asara, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Mai sayen tsohuwar bindiga launinta na asali yake saye, ko da ya koɗe. Samfefa ko burushin waya ba sa ɗaukar lokaci kafin su cinye ƙananan hatiman da za a gane bindigar da su, su shafe adon da aka zana a ƙarfen, su dasashe gefunan da maƙerin ya fitar da kaifinsu. Abin da ya tafi ta haka ba ya dawowa. Ɗan tsumma mai laushi da ɗigon man bindiga a kan ƙarfe kaɗai ya wadatar, kuma kada man ya taɓa katako. Sukundireba ma ka ajiye ta. Tsagar kan ƙusoshin tsofaffin bindigogi siririya ce ƙwarai, sukundirebar gida tana yage ta, kuma idon masani a kan ƙusoshin nan yake fara sauka don ya san ko wani ɗan koyo ya taɓa shiga cikinta.

Yanzu ga maganar asali. Sunan da ke rubuce a sama shi ne shaida mafi rauni a jikin bindigar gaba ɗaya, ga shi kuma shi kowa yake fara karantawa. Daga wajejen shekarun 1870 har zuwa ɓarkewar yaƙin duniya na farko a 1914, maƙeran birnin Liège na ƙasar Beljiyam sun yi ta ƙera bindigogin farauta masu araha suna aikawa duniya, musamman Amurka, inda ake sayar da su a shagunan kayan aiki da ta hanyar littattafan oda. Don su shiga kasuwa sai a buga musu sunan da zai yi kama da na shahararren kamfani ba tare da ya zama shi ba. "W. Richards" yana tuna wa mai saye Westley Richards na Birmingham, wanda aka kafa a 1812. "T. Barker" yana kama da Parker na Amurka. "J. Manton" yana aron sunan gidan Manton na Landan. Shi Westley Richards na gaske cikakken sunansa yake rubutawa, ba ya taƙaita shi zuwa harafi ɗaya. "London Fine Twist" ɗin nan ma ba adireshi ba ne, kwatancen irin ƙarfen bututun ne, kuma an buga shi a kan bindigogi bila adadin da ba su taɓa shiga Landan ba.

Sai dai kada ka yanke hukunci tukuna, domin an yi wani maƙerin Ingila na gaske mai suna W. Richards a Liverpool, kuma aikinsa mai kyau ne. Ban da haka, a ita kanta Ingilar ba baƙon abu ba ne a ƙera bindiga a Birmingham a buga mata sunan mai shagon da zai sayar da ita a wani gari. A Amurka kamfanin Crescent na garin Norwich a jihar Connecticut ya ƙera bindigogi da sunaye masu ɗimbin yawa, duk mai shagon da ya yi oda da yawa sai a buga masa sunan da yake so. Saboda haka suna shi kaɗai ba ya raba gardama. Abin da ke raba ta yana ɓoye a ƙarƙashin bututun.

Ga yadda za ka kai gare shi. Ɗan katakon da ke ƙarƙashin bututun, inda hannun hagu yake riƙewa, yana cirewa: wani da ɗan maɓalli a ƙarshensa, wani da ɗan hannu a tsakiyarsa, a tsofaffi sosai kuma da wani siririn ƙarfe da ake turowa ta gefe. In ya fita, ka buɗe bindigar kana riƙe da bututun, za su ɗago su rabu da uwar jikin. Ka kifa su. A gindinsu akwai wuri shafaffe, kuma a nan za ka ga ƙananan hatimai jere, wasu haruffa, wasu lambobi, wasu kambin sarauta. Akwai wasu kuma a kan shafaffen wurin uwar jikin, inda bututun ke kwanciya. Ka goga farin alli a kai, ka share na sama da yatsa, abin da ya maƙale a cikin ramukan zai fito da su fes. Ka haska tocila daga gefe, ba daga sama ba, sannan ka ɗauki hoto kusa-kusa.

Waɗannan su ne hatiman gwaji. A yawancin ƙasashen Turai masu ƙera bindiga doka ta hana a sayar da ita sai an kai ta gidan gwaji na hukuma, an ɗura mata albarushi fiye da ƙima an harba, in ta jure a buga mata hatimi. Ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan ta sami takardar izininta daga sarki a 1637, gidan gwaji na Birmingham an kafa shi da dokar majalisa a 1813, tilascin gwaji a Liège kuma ya samo asali daga dokar Napoleon ta 1810. Maƙeri yana iya rubuta abin da ya ga dama a sama, amma ƙirƙirar hatimin gwaji laifi ne da ake hukunta mutum a kai. Kuma da yake ƙa'idojin sun yi ta sauyawa, kowane sauyi da shekararsa, hatiman suna gaya maka ƙasa, su gaya maka zamani, su kuma gaya maka irin albarushin da aka gwada ta da shi.

Na Beljiyam za ka fara nema, tun da can na fi zato. Hatiminsu ɗan zagaye ne mai tsawo, da harafin E a sama, LG a ƙasansa, da ɗan tauraro. In zagayen ba shi da kambi a kansa, an gwada bindigar kafin 1893. In yana da kambi, daga 1893 ne zuwa gaba. Kusa da shi sau da yawa za ka ga wani ɗan ginshiƙi a tsaye kan matakala, wanda hoton wani tsohon ginshiƙi ne da ke tsakiyar birnin Liège, da kuma tauraro a kan wani harafi, alamar jami'in da ya duba. Lambobi irin 18.2 ko 18.4 faɗin cikin bututun ne da milimita. Sai ka nemi zaki a tsaye kan haruffan PV. Wannan shi ne gwajin albarushi mara hayaƙi, kuma sai a ƙarshen ƙarni na 19 ya fito. In babu shi, galibi da baƙin albarushi kawai aka gwada ta. In kuma ka ga an buga kalmar "Belgium" a wani wuri, alama ce ta cewa bayan 1891 aka fitar da ita, domin a shekarar ce dokar kwastan ta Amurka ta fara tilasta a rubuta sunan ƙasar da aka ƙera kaya.

In ta Ingila ce, labarin hatiman ya fi tsawo, kuma ya fi daɗin bi, don yana iya matse maka shekarun sosai. Birmingham daga 1813 zuwa 1904 tana buga sandunan sarauta biyu a gicciye da kambi a sama, ɗaya da haruffan BPC, ɗaya da V. Daga 1904 sai aka koma kambi a kan BP da BV, da NP ga wadda aka gwada da albarushi mara hayaƙi. Landan kuwa kambi ne a kan GP da kambi a kan V, na albarushi mara hayaƙi kuma hannu ne riƙe da takobi a kan NP. Rubutun "NOT FOR BALL", wato kada a harba dunƙulen harsashi guda ta ciki saboda an matse bakin bututun, tsakanin 1875 da 1887 kaɗai aka yi amfani da shi. Duk bindigar da ke ɗauke da shi, ka san shekarunta cikin tazarar shekara 12 ba tare da ka tambayi kowa ba. Daga 1925 aka fara buga tsawon mazaunin harsashi da inci, daga 1954 kuma Birmingham ta koma BNP tare da nauyin matsi da aka rubuta da tan. Lambar 12 ko 16 ko 20 da za ka gani girman bututun ce bisa wani tsohon lissafi: a raba laba ɗaya ta dalma gida 12 daidai, a mulmula kowanne, faɗin ƙwallo ɗaya shi ne faɗin bututu mai lamba 12, wajen milimita 18.5. Shi ya sa lamba 20 ta fi lamba 12 ƙanƙanta.

Sauran ƙasashe a taƙaice. Jamus, inda garin Suhl ya yi fice, kambi ne a kan U, da kambi a kan S ga bututun ƙwayoyin dalma, da kambi a kan W ga mai matsattsen baki, daga baya kuma gaggafa a kan N. Faransa sunan Saint-Étienne za ka gani, Sifaniya hatimin gidan gwajin Eibar, Italiya na gidan gwajin Gardone. Amurka ba ta taɓa samun gidan gwaji na tilas ba, don haka bindigar da ba ta da hatimin hukuma ko ɗaya akwai yiwuwar ta can ce. Kana kuma iya ganin hatiman ƙasa biyu a bindiga ɗaya, ko don an sayi bututun a Liège aka haɗa a wani wuri, ko don an sake gwada ta a ƙasar da aka shigar da ita, ko kuma an sake gwada ta bayan gyara.

Fasalin bindigar ma yana magana, amma iyakarsa ya gaya maka cewa ba ta girme wata shekara ba. Masu harsashin da allura ke fitowa ta gefensa, ƙirar Lefaucheux na Faransa, sun fito a shekarun 1830. Masu karyewa da kunama a waje da ke dukan tsakiyar gindin harsashi, irin taka, sun bazu a shekarun 1860. A 1875 Anson da Deeley, ma'aikatan Westley Richards, suka fito da tsarin da ya mayar da kunamar cikin uwar jiki. Mutane da yawa sukan ɗauka duk mai kunama a waje ta riga wannan shekara. Ba haka ba ne. An ci gaba da ƙera su har cikin ƙarni na 20, saboda sun fi araha kuma akwai mafarautan da ba sa yarda da bindigar da ba sa ganin ko a ɗane take.

In hatimai suka nuna ƙirar wani sanannen kamfani ce, sai lambar bindiga ta yi amfani. Ka duba ko lambar da ke uwar jiki ita ce a bututun, ita ce kuma a ƙarfen katakon gaba. In sun saɓa, haɗe-haɗe aka yi. Purdey da Holland & Holland da Westley Richards suna riƙe da tsofaffin littattafansu, kuma kana iya rubuta musu da lambar su duba maka lokacin da aka gama ta da wanda aka yi wa ita. A Amurka gidan tarihin bindigogi na garin Cody a jihar Wyoming yana ajiye da bayanan Winchester da Marlin da L.C. Smith. Masu arahar nan na Liège kuwa lambarsu ba ta kai ka ko'ina, don babu littafin da za a buɗe. Rashin lamba gaba ɗaya ma ba abin tayar da hankali ba ne a tsohuwar bindigar Amurka, tun da sai a 1968 doka ta wajabta ta a kan bindigogin farauta irin waɗannan.

To, ga abin da nake zato game da taka. Sunan W. Richards ba tare da adireshin titi ba, da "London Fine Twist", da kunama a waje, duk sun fi karkata ga Liège, tsakanin shekarun 1880 da 1914, da gwajin baƙin albarushi. In ka kifa bututun ka ga ELG, magana ta ƙare: wanda ya ce maka tarkace ce ya yi tsauri a lafazi, amma ya fi ɗayan kusa da gaskiya ta fuskar kuɗi. Irinta suna da yawa a kasuwa, masu tara bindigogi ba sa nemansu, kuma wanda zai saya don ya rataye a bango ne. In kuwa ka ga sandunan Birmingham ko kambin Landan, tare da adireshin Liverpool a sama, to ya cancanci a kai ta gaban masani.

Zanen da ka gani a murɗe a jikin bututun yana buƙatar bayani, don shi ne babban dalilin da na hana ka harbi. Ba ado ba ne. Kafin a iya zuba ƙarfe mai ƙarfi a huda shi ya zama bututu, abin da maƙera ke yi shi ne su jera siraran sandunan ƙarfe mai taushi da mai tauri, su gasa, su murɗe su, su buge su zama ɗamara, sannan su naɗa ɗamarar a jikin wata sanda suna dukanta da zafi har gefunan su manne. Bututu ɗaya yana da layin haɗi mai tsawon gaske da ya kewaye shi tun daga gindi har baki. Waɗanda aka yi da kyau, na manyan maƙera, akwai da yawa da aka sake gwadawa a Ingila da albarushin zamani suka tsallake, ana kuma farauta da su har yau. Amma na masu araha ba a ba su wannan kulawa ba tun farko, sannan baƙin albarushi yana barin dauɗa mai jan danshi, tsatsa ta bi layin haɗin ta shige ciki inda ido ba ya kaiwa. Inda matsin harbi ya fi ƙarfi kuwa daidai inda fuskarka da hannunka na hagu suke ne.

Ga wani tarkon kuma da ya shafi har masu bututun ƙarfe zalla. Tsofaffin bindigogin Turai galibi mazaunin harsashinsu inci 2½ ne, wato milimita 65, harsashin da ya fi yawa yau kuwa inci 2¾ ne, milimita 70. Tsawon da ake rubutawa na ƙwanson ne bayan ya buɗe. Saboda haka dogon harsashi yana shiga gajeren mazauni lafiya lau, bindigar ta rufe, mutum ya ɗauka daidai ne. Sai an harba bakin ƙwanson ya buɗe a inda bututun ya fara tsukewa, matsi ya ƙaru a kan ƙarfen da ya riga ya tsufa. Harsashi mai ƙwayoyin ƙarfe maimakon dalma kuwa ko kusa kada ya je.

Yanzu daraja. Tsufa shi kaɗai ba ya sa wa bindiga kuɗi. Wanda ya ƙera ta da matakin aikin da ya sa mata su ne farko. Kamfani ɗaya yana da matakai: Parker, alal misali, yana da Trojan a ƙasa, wadda aka yi wa talaka, har zuwa A-1 Special a sama, kuma tazarar kuɗin da ke tsakaninsu ta wuce misali duk da suna ɗaya ne a jiki. Girman bututu ma yana taka rawa, kuma ba yadda mutane ke zato ba: lamba 20 da 28 sukan fi lamba 12 tsada a ƙira iri ɗaya, saboda ba a yi su da yawa ba.

Bayan wannan sai lafiyar bututun, wanda a bindiga mai kyau shi ne yawancin kuɗinta, don sauya shi yana iya cin fiye da abin da bindigar za ta kawo. Akwai abin da za ka iya dubawa da kanka. Ka rataye bututun a yatsa ta ƙugiyar da ke ƙasansu, ka ɗan ƙwanƙwasa da fensir. In liƙin ƙarfen tsakiya yana nan daram, za ka ji amo garau mai ɗan tsawo. In ya saki, za ka ji wani dusasshen sauti ko karkarwa, kuma inda liƙi ya saki tsatsa tana nan a ƙarƙashi. Ka ɗaga su zuwa haske ka leƙa: ramukan tsatsa suna fitowa baƙi-baƙi, kumburi kuma yana fitowa da siffar zoben inuwa. Ka shafa bayansu a hankali da yatsu, lotsawa ta fi jiyuwa a hannu. Ka auna tsawonsu, don yawanci inci 26 ne, ko 28, ko 30, ko 32. Tsawon da ya faɗa tsakani, tare da rata cike da dalma a tsakanin bakunan biyu maimakon su taɓa juna, alama ce an yanke su, kuma yankewa tana rage daraja sosai. Sannan ka mayar da bututun ba tare da katakon gaba ba, ka riƙe ƙotar ka girgiza. In ka ji motsi ko ka ga haske tsakanin gindin bututun da fuskar uwar jiki, ta saki.

Abin da ba za ka iya da kanka ba shi ne auna kaurin bangon bututun, wanda sai da ma'auni na musamman. Wannan kuwa shi ne abin da ya fi komai. Bututun da ke walƙiya tas a ciki a bindigar da ta haura shekara 100 ba kullum ne abin murna ba, don wataƙila an kankare cikinsa ne a ɓatar da tsatsa, bango ya zama siriri. Masu sana'ar a Ingila sukan fara ɗari-ɗari in kaurin ya sauka ƙasa da wajen rabin milimita. A can in faɗin cikin ya wuce abin da aka buga a hatimi da wani ƙayyadadden gwargwado, gwajin ya faɗi, kuma sayar da ita a haka laifi ne sai an sake gwadawa. In ka ga kalmar "SLEEVED" a gindin bututun, an yanke tsofaffin an dasa sababbi. Tana iya harbuwa lafiya, amma masu tarawa sun rage sha'awa.

Katako ma a duba shi, musamman siririn wuyan ƙota inda hannun dama ke kamawa, don nan yake tsagewa, da inda ya haɗu da ƙarfe, wanda kan yi baƙi ya yi laushi in ya sha mai shekara da shekaru. Ƙotar da aka rage wa tsawo, ko aka shafa wa fenti mai ƙyalli, ko ƙarfen da aka sake yi wa baƙi har rubutun ya dusashe, duk ragi ne. Abin da ke ƙari kuwa shi ne akwatinta na asali da takardar maƙerin manne a murfi, da rasit, da hoton mai ita riƙe da ita, da wasiƙa. Ka bincika kayan kakanka kafin a watsar da takardu. Labarin baka cewa wani babban mutum ne ya ba shi ita yana da daɗi a cikin iyali, amma mai saye ba ya biyan ko kwabo a kansa sai da takarda. In ka ga lamba 1 ko 2 da ruwan zinariya a sama, ɗaya ce daga cikin tagwaye da aka yi wa mutum ɗaya, kuma ba a yi wa bindigar araha haka.

Wajen sanin kuɗin, ka bambanta abu uku da mutane ke cakuɗawa. Akwai ƙimar inshora, wato abin da za ka kashe ka sayi irinta a shago, ita ce mafi girma. Akwai abin da za ta kawo a gwanjo, wanda za a cire kamashon gidan gwanjon daga ciki. Akwai kuma tayin dillali, wanda dole ya yi ƙasa don shi ma riba zai nema. Farashin da mutane ke rubutawa a intanet suna neman mai saye ba shaida ba ne, kowa yana iya rubuta abin da ransa ke so. Ka nemi abin da aka sayar da irinta a zahiri. Gidajen gwanjo irin Holts a Ingila da Rock Island a Amurka suna barin sakamakon cinikinsu a buɗe, da hotuna da bayanin lafiyar kowace bindiga, sai ka nemi mai irin sunan taka da irin hatimanta da irin yanayinta. Duk wanda ya yanka maka kuɗi daga hoto ɗaya, ba tare da ya ga hatimai ko ya auna bututu ba, cinikin biri a sama kuke yi. Kuma kada wanda zai ƙiyasta maka ya zama shi ne mai son saye. Ka biya masani ladan dubawa ya rubuta maka a takarda, musamman in akwai sauran magada da za su so sanin abin da ya faɗo a rabonka. Amma in ELG ɗin nan ka gani, ni ba zan ba ka shawarar kashe kuɗin ƙiyasi ko na gyara ba, don gyaran zai iya fin bindigar tsada.

Kafin ka ɗauke ta zuwa wajen kowa, ka san matsayinta a dokar ƙasar da kake. Gado ba lasisi ba ne, kuma abin da doka ke kira tsohuwar bindiga ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A dokar tarayya ta Amurka wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan ita ce tsohuwa, ko da yake jihohi suna da nasu ƙarin sharuɗɗan. A Birtaniya sai ta kasance an ƙera ta kafin 1 ga Satumba 1939, kuma irin harsashinta yana cikin jerin waɗanda aka daina yi, don haka in taka mai lamba 12 ce, tana buƙatar lasisi komai tsufanta. A ƙasashe da yawa ma babu wannan rangwame ko kaɗan. Ka tuntuɓi hukumar da ke ba da lasisi kafin ka fita da ita daga gida ko ka tallata ta, ka kuma tambaye su yadda ake ajiye bindigar mamaci kafin a gama sauya suna.

Kafin nan ka ajiye ta a kulle, a wuri busasshe, nesa da yara, ba a cikin jakar fata ko soso ba, don suna riƙe danshi. Tsofaffin harsasan da ka samu tare da ita ka ware su wuri dabam, kada ka gwada su a ita ko a wata, amma kada ka yar da kwalinsu, don lamba da tsawon da ke rubuce a jikinsa suna nuna abin da kakanka yake ɗura mata, kuma mai gyaran da zai duba ta zai so ya san ko ta daɗe tana cin harsashin da ya fi ƙarfinta.